Huhun da Ban Duba Ba

Jikata ce ta tayar mini da wannan tsohon zance. Tana karatun aikin lafiya, an tura su koyon aiki na 'yan makonni, da ta dawo sai ta zauna bakin tabarmata tana nuna mini hotuna a wayarta. Ga su nan cikin fararen riguna sun yi cincirindo bayan ma'aikaci guda, na gaba suna gani, na baya sun ɗaga waya sama ta gano musu. Na ce, "Amarya, ke kin riƙe wuƙa da hannunki kuwa?" Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Kai tsoho, wuƙar me? Mu fa ba mahauta ba ne." Ban ga laifinta ba. Yaran yanzu sun fi mu karatu nesa ba kusa ba, suna kiran sunayen cututtukan da mu sai dai mu kwatanta. Abin da ya canza shi ne masu koyo sun yi yawa, tsofaffin hannu kuma sun ƙaranta, wasu sun ajiye aiki, wasu sun riga mu gidan gaskiya. A zamaninmu abin juye yake. Malami ɗaya, ɗalibi ɗaya, aiki kuwa ya fi ƙarfin su biyun.

Ni yaro ne mai shiru tun tasowata a cikin garin Daura. Mahaifina baduku ne, zaurenmu kullum warin jima da ƙarar guduma a kan fata, ni kuwa ina can lungu da littafi. In baƙo ya yi sallama, sai na nemi inda zan ɓuya. Da aka ɗauke ni makarantar koyon aikin tsafta, can ma littafin ne ya riƙe ni. Ba na ɗaga hannu a aji, amma ba a taɓa samun gyara a takardata ba. Layukana a miƙe suke, kuma ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Da lokacin koyon aiki ya zo aka mayar da ni gida, aka haɗa ni da wani dattijo da gari duka ke kira Baba Duba-gari, aka ba ni kaki da gajeren wando. Wandon nan ya fi komai damuna. Kwana uku ina fita ta ƙofar baya don kada abokan mahaifina su ga gwiwoyina.

Baba bai yi zurfi a boko ba. Turancinsa bai wuce na cike takarda ba, amma hancinsa da yatsunsa sun haddace abin da ni na haddace a littafi. Da an idar da sallar asuba muke fita, shi da kekensa, ni da ludayi mai dogon hannu da jakar wuƙaƙe. Har yau ina jin sautin safiyar nan: luguden mata a turmi, kukan jakunan masu itace, guga tana bugun bakin rijiya can wajen Kusugu, sannan muryar wata daga bayan katanga, "Ga duba-gari nan!" Nan take sai ka ji unguwa ta rikice, ana tuntsurar da randuna, ana jan tsintsiya, ana rufe bakin salga da murfin tukunya. Baba ba ya gaggawa. Zai tsaya a zaure ya gaisa da maigida har ya tambayi lafiyar awaki, ya ba matan gida lokaci. Na taɓa ce masa ai ɓoye laifinsu suke yi. Ya ce, "To da me muka zo? Wanke randar muka zo nema, ga shi ana wankewa." In mun shiga, sai ya zura ludayi ya ɗebo ruwa ya kai shi hasken rana, in akwai tsutsar sauro tana wutsil-wutsil ya nuna wa uwargida da idonta. Ba ya zagi. Yakan ce gani ya kori ji, wadda ta ga tsutsa a ruwan da ɗanta zai sha ba ta bukatar wa'azi.

Wuri ɗaya ne Baba ba ya wasa, shi ne mayanka. Nan ne kuma na fi tsoro, don mahauta mutane ne masu kaifin baki kamar wuƙarsu. Ranar farko suka raɗa mini suna Malam Shiru, wani ya ce ƙafafuna kamar na belbela, wani ya ce a ba ni ƙashi in tsotsa ko na yi ƙiba. Ƙa'idar Baba ba ta da wuya, amma ba ta da rangwame. Ka ga dabba a tsaye kafin a yanka. In an feɗe, a ajiye maka kai da huhu da hanta kusa da gangar jikin, ba a rabe ba. Ka shafa huhu da tafin hannu, ka tsaga, ka tsaga kaluluwar da ke maƙale da shi. Ka leƙa cikin haƙarƙari. Sai ka gama duk wannan za ka fito da hatimi, ka dangwala a tawada mai launin shuni, ka buga a wuri shida: kafaɗu biyu, haƙarƙari biyu, cinyoyi biyu. Mutane sun riga sun koya, naman da ba shi da wannan shuni ba sa saye. Sai an buga hatimi mai kalangu yake fara kiɗa, kiɗan nan da kowa ya san ma'anarsa, nama ya fito. Yanzu ban san rabon da in ji shi ba, sai ƙarar babura da lasifika. Baba ya sa na tsaga huhu ya fi a ƙirga kafin ya bar ni in taɓa hatimin. Wata rana ya samu huhu mai ciwon tarin fuka, ya kama hannuna ya bi da wuƙar cikin kaluluwar, na ji ta yi ƙaras kamar ta ci yashi. Ya ce, "Ka ji? Wannan ba ya cikin littafinka. Ajiye shi a hannunka."

Ranar da nake son faɗa, ma'aikata sun yi ƙaranci. An kwashi mutum biyu zuwa aikin allurar lamba, ga kuma kasuwanni biyu suna ci rana ɗaya. Baba ya ce shi zai tafi ta yamma, ni in tafi wata kasuwar ƙauye da ke kan hanyar Mai'adua, inda shanu ke gangarowa daga tsallaken iyaka. Ya ciro hatimin daga aljihunsa ya miƙo mini. Na ari keke na kama hanya da sassafe, amma ƙaya ta huda mini taya a tsakiyar yashi, na tura keken har kasuwa. Ko da na isa, hantsi ya yi, an yanka shanu uku an feɗe, mutane sun fara taruwa, mai kalangu yana zaune ya rungume gangarsa yana harara ta.

Biyu na duba su yadda aka koya mini, lafiyarsu lau. Ta ukun ta Baba Dogo ce. Shi wannan mahauci ne daga cikin gari, aminin mahaifina, a wurinsa muke sayen fatu tun ban san kaina ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ga kai, ga hanta, babu huhu.

Na ce, "Baba, ina huhun?" Ni kaina da kyar na ji muryata.

Ya ce, "Iya mai tuwo ta ɗauka tun ɗazu. Da za ta zauna jiran ka ne, mutane su ci me? Kai ka makara, mu ba mu makara ba. Buga mana mu samu mu yi ciniki."

Na ce, "Ai ƙa'ida, Baba..."

"Ƙa'idar gidanku. Ni na feɗe ragon sunanka, ɗan nan. Da wannan hannun. Ran nan wa ya duba mini huhu?"

Mahauta suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Malam Shiru ya yi magana, yau za a yi ruwa!" A gidanmu ba a mayar wa aminin uba magana sau biyu, ni kuwa na riga na mayar sau ɗaya. Ga shi ni ne na makara. Naman kuma a ido ja wur, ba abin da ya same shi. Na fito da hatimi na buga shida. Kafin in rufe kwalbar tawada kalangu ya ɗauka.

Na koma gindin tsamiya na buɗe littafin aiki. Kowace dabba tana da layinta, kowane layi da gidajensa: kai, hanta, huhu, haƙarƙari. Na cike na farko, na cike na biyu. A na uku alƙalamina ya zo gidan huhu ya tsaya. In na rubuta na gani, ƙarya ce. In na bar shi fili, to me ya sa na buga hatimi? Ba jarumta ce ta tashe ni daga wurin ba, kada in yi wa kaina kirarin da ban cancanta ba. Gidan nan da ba zan iya cikewa ba ne ya hana ni zama. Na ce bari in je in gani kawai, in cike, in huta.

Iya mai tuwo tsohuwa ce mai ƙiba, rumfarta na can ƙarshen kasuwa, hayaƙi ya baƙanta ta. Na same ta ta ɗora tukunya, huhun yana cikin ƙwarya bai shiga wuta ba, tana wasa wuƙa a bakin turmi.

Ta ce, "Samari, in yunwa ce ta koro ka, da sauran lokaci."

Na ce, "Iya, huhun nan nake so in gani."

"Gani? Yau na ga ikon Allah. Wasu su zo ci, kai ka zo kallo. To kalla, amma kada ka cinye mini shi da ido."

Na ɗora tafin hannu a kai. Tun kafin in tsaga na ji gudaji-gudaji a ciki kamar an zuba tsakuwa a jaka. Na nemo kaluluwar na sa wuƙa. Ƙaras. Cikinta rawaya-rawaya, busasshe kamar tsohon cuku. Iya ta leƙo, ta daina dariya. Ta ce, "Ni ma da na ɗauka na ji shi da nauyi. Na ce ko tsufar saniyar ce." Na ce mata ciwon tari ne, irin wanda ke kama mutum ya rame ya yi ta tofar da jini. Ta ja baya tana goge hannu a zane, ta ce, "Ɗauke mini shi daga nan. Da shi na rasa ƙanena."

Na ɗauki ƙwaryar na nufi rumfar mahauta. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Ina jin kalangu yana ƙara kusowa, kuma na san kowane bugu kira ne, ku zo ku sayi naman da ɗan baduku ya ce lafiyarsa lau. Da na isa na leƙa cikin haƙarƙarin saniyar, abin da ya kamata in yi tun farko. Ya yi fes fiye da kima. An ɗaye tantanin ciki, amma can kusa da ƙashin baya an bar wani ɗan yanki, ga ƙuraje jere a jikinsa kamar ƙwayar dawa. Na tsaga kaluluwar kafaɗa, ƙaras. Ta cinya, ƙaras. Ciwon ya gama jikin saniyar duka.

Na buɗe baki in ce a dakata, murya ta ƙi fita. Ga mutane, ga kiɗa, ga Baba Dogo yana yanka wa wani tsoka. Da na ga magana ba za ta yiwu ba, sai na yi abin da hannuna ya iya. Na kama kafaɗar saniyar, na sa wuƙa na yanke wurin da hatimina yake, na jefa a ƙwarya. Na yanke na ɗaya kafaɗar. Na koma haƙarƙari. Kafin in kai cinya kalangu ya yi shiru da kansa, na ji kasuwar ta yi tsit daga wannan gefen.

Baba Dogo ya ce, "Kai! Me kake yi wa namana?"

Na ce, "Hatimina nake cirewa, Baba. Laifina ne. Na buga ban duba ba."

"Ka buga ka gama! Namiji ba ya lashe abin da ya tofar. Wuta ce za ta ci shi, wace cuta ce ke tsallake wuta? Shekara nawa muna ci, ka ga mun mutu?"

Na yanke na biyar, na yanke na shida. Baba Dogo ya kira sunan mahaifina sau uku, ya ce yau sai ya je har zaure ya ji ko shi ya aiko ni in tozarta shi a bainar jama'a.

Sarkin pawan kasuwar ne ya ratso mutane ya iso, wani tsoho mai ido ɗaya wanda ban taɓa jin ya yi mini ba'a ba. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Ya ce, "Malam, nuna mini." Ban san yadda zan yi masa bayani ba, sai na yi masa yadda aka yi mini. Na miƙa masa wuƙar, na kama hannunsa, muka bi ta cikin kaluluwar tare. Ya ji. Sannan ya sa yatsa cikin haƙarƙarin, wurin da aka ɗaye. Ya ce, "Dogo, wannan ba aikin yaron nan ba ne." Baba Dogo ya kawar da kai. Sarkin pawa ya juya ga mai kalangu ya ce, "Kai da ka kira su, kai za ka dawo da su. Zaga kasuwa. Duk wanda ya sayi nama a rumfar Dogo ya kawo a musanya masa."

Mutum uku ne suka riga suka saya. Biyu sun dawo, wata mai fura da wani malamin makarantar allo da ya ɗaure nasa a ganye ya rataya a keke. Na ukun wani mai raƙumi ne, ba wanda ya san sunansa, an ce ya yi arewa tun ɗazu. Na hau keken nan da tayarsa ta sace na bi sawun raƙumi har yashi ya kayar da ni sau biyu. Sawun ya shiga cikin na wasu raƙuman, na rasa wanne ne nasa. Na dawo a ƙafa. Mun haƙa rami bayan kasuwa, muka zuba kananzir muka ƙone naman muka binne. Abin da na gani bayan nan ban taɓa karanta shi a littafi ba: mahautan nan masu baƙar ba'a, kowa ya yanko wani abu daga nasa ya ɗora a rumfar Baba Dogo, don kada ya koma gida hannu wofi. Ba wanda ya ce musu su yi. Ba kuma wanda ya kira ni Malam Shiru har na tafi.

Washegari na sami Baba Duba-gari yana hura tayar kekensa. Na ajiye hatimin a gabansa, na buɗe masa littafin. A gidan huhu na rubuta abin da ya faru duka, har ya malala zuwa gefen shafi. Na ɗauka ranar ce ƙarshen kakina, don sa hannunsa ne zai ce na ci ko na faɗi. Ya sa na karanta masa. Da na gama ya ce, "Nawa ka buga?"

Na ce shida.

"Nawa ka cire?"

Na ce shida, amma tsoka ɗaya ta tafi da mai raƙumi.

Ya ci gaba da hura tayar. Can ya ce, "To wannan tsokar ita ce malamarka. Ni ba zan yi maka dukan da za ta yi maka ba." Gaskiya ya faɗa. Na yi shekaru masu yawa a aikin nan, na koyar da yara da dama, an matsa mini a wurare da suka fi wannan, masu rawani da masu mota, amma ban sake buga hatimi a kan abin da ban gani ba. Duk lokacin da wani babba ya ce in buga kawai, mai raƙumin nan nake gani yana sauke kayansa a ƙofar gidansa, yara suna murna an kawo nama. Ban san abin da ya same su ba. Ina fata matarsa ta dafa shi ya dahu lugub.

Baba Dogo ya cika alkawarinsa, ya je zaure. Ina daga ciki ina jin su. Mahaifina ya bar shi ya gama faɗa, yana ta ɗinkin takalminsa bai ɗago ba, sannan ya ce, "Dogo, da fatar saniyar ka kawo mini, da na saya. Naman ne ban san kansa ba. Shi yaron an ce ya sani." Wata biyu ba a kawo mana fata daga gidan ba.

Mako ya zagayo, na zaci Baba Duba-gari zai tura ni wani wuri. Da asuba sai ya miƙo mini hatimin ya ce, "Kasuwar nan dai. Ka fita da wuri, ka bi ta kan tudu, can babu ƙaya." Na isa kafin a yanka ko akuya. Na duba shanu a tsaye ɗaya bayan ɗaya, har da ta Baba Dogo. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Da aka feɗe na bi rumfuna, tasa ce ta ƙarshe. Na tarar ya shimfiɗa sabon ganye, ya jera kai, ya jera hanta, ga huhu a tsakiya, har ya juya mini gefen kaluluwar sama. Iya mai tuwo tana tsaye da ƙwaryarta tana jira. Bai dube ni ba, yana ta wasa wuƙarsa.

Ya ce, "To tsaga mana, ɗan baduku. Mutane na jira."